Keken Wibin Na Farko: A Nemi Mai Gyara Kafin A Nemi Ƙyalli

Mace idan ta karɓi ɗinkinta a zamanin nan, kafin ta gwada rigar a jiki sai ta juya ta, ta duba ciki. In ta ga bakin yadi a ɗaure tsaf, ta biya babu ciniki. In kuwa ta ga zaruruwa suna zazzarowa, tambaya ɗaya ce: "Ba a yi mata wibin ba ne?" A da wannan tambayar ta matan Kano da Kaduna ce. Yanzu ta iso Zuru, ta wuce Ribah, har ta shigo mana Kanya. Shi ya sa duk yarinyar da ta gama koyon ɗinki ta kafa kekenta a ɗaki, abin da take tara wa kuɗin adashe na gaba shi ne keken wibin.

Ni ina goyon bayan wannan sauyi. Ɗinkin da cikinsa ke da tsabta ya fi jure wanki, kuma maɗinkiyar ƙauye ba ta da dalilin da zai sa aikinta ya gaza na birni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake zaɓen keken. Yawancin masu saye a karon farko a waya suke yanke shawara. Sun ga wata a TikTok ko Facebook zaune gaban farin keke mai fitila da zare kala huɗu, sai zuciya ta ce shi za a saya. Ita waccan tana garin da wuta ke zama, kuma mai gyara yana bayan layinsu. A ganina keken wibin na farko abubuwa uku ne ya kamata su zaɓa maki shi, 'yar'uwa: yadin da kike ɗinkawa, wutar da kike da ita, da wanda zai gyara shi in ya tsaya.

Mu fara da sanin aikinsa. Keken ɗinki na yau da kullum, irin Butterfly ɗin nan baƙi ko tsohon Singer na iyayenmu, zare biyu yake sarƙawa, na sama da na ƙoshiya. Keken wibin ba shi da ƙoshiya. Yana da allura, da wasu ƙugiyoyi biyu da teloli ke kira lufa, da wuƙa. Wuƙar ta datse bakin yadi, ƙugiyoyin su naɗe shi da zare, duk a lokaci guda. Kamfanin Merrow na jihar Connecticut a Amurka ne ya ƙirƙiro irin wannan ɗinki a shekarun 1880, kuma irin wannan keke ya daɗe yana zaman kayan masana'anta. Sai a shekarun 1960 wasu injiniyoyi a Japan suka ƙera ƙarami na gida, wanda aka sa wa suna Baby Lock. Ke nan tun asali an yi shi ne don ya taimaki keken ɗinki, ba don ya gaje shi ba. Ba ya sa zif, ba ya fitar da wuya, ba ya yin gidan maɓalli. Wadda ta sayar da Butterfly ɗinta don ta cika kuɗin wibin ta rufe shagonta da hannunta.

Sai maganar yadi. Mai zare uku, allura ɗaya da lufa biyu, aikinsa ɗaure baki kawai. Mai zare huɗu yana da allura biyu, yana haɗa yadi ya ɗaure bakinsa tare, kuma ɗinkinsa na miƙewa ba tare da ya tsinke ba. Mai zare biyar na masu wanduna da kayan makaranta da yawa ne. To, me ake kawo wa maɗinkiya a ƙasar Zuru? Atamfa, shadda, leshi, yadin maza, kayan 'yan makaranta, ankon biki da na zumuntar mata. Duk waɗannan saƙaƙƙun yadi ne da ba sa miƙewa. A kansu mai zare uku ya isa har ya yi saura. Keken ɗinki ya haɗa, wibin ya ɗaure baki, aiki ya kammala.

Inda lissafi ke canzawa shi ne hijabi da dogayen riguna na yadi mai roba. Irin wannan yadi idan aka bi shi da keken da haƙoransa ke jan sa da gudu ɗaya, bakinsa sai ya yi ta lanƙwashewa. Akwai kekunan da ke da jerin haƙora biyu, na gaba da na baya, da maɓallin da ke sa ɗaya ya fi ɗaya sauri, yawanci daga 0.7 zuwa 2.0. Wannan ne ke kwantar da bakin hijabi. Idan hijabi ne rabin cinikinki, kuɗin mai zare huɗu da irin waɗannan haƙora ba asara ba ne. Idan kuwa sau biyu a wata ake kawo maki shi, kin sayi abin da ba za ki mora ba.

Akwai wani abu da masu tallar keke ba sa faɗa, kuma ya shafe mu fiye da mutanen birni. Wuƙar wibin abin da ta yanke ya tafi ke nan. Mu kuwa al'adarmu ce a bar rara a cikin riga. Uwa za ta ce a bar wa yaro wuri, baɗi a buɗa masa. Amarya za ta so a iya saki bayan haihuwa. Sabuwar mai wibin, don ɗokin ganin ɗinki siriri, sai ta haɗe gefen riga ta datse rarar gaba ɗaya. Bayan wata shida a dawo da rigar a ce a buɗa, babu abin buɗawa. Maganin wannan shi ne a yi wa kowane gefe wibin shi kaɗai, wuƙa ta ɗan shafi baki kawai, sannan a haɗa da keken ɗinki a bar rarar. Wannan ma wani dalili ne da ya sa mai zare uku ya fi dacewa da irin ɗinkinmu.

Na biyu, wuta. Ba sai na gaya wa mutumin ƙasar Zuru yadda take zuwa da tafiya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto don ɗaure bakin riga uku ya zama abin da riba ba za ta ɗauka ba. Manyan kekunan masana'anta, irin su Juki da Jack, suna iya yin ɗinki sama da 5,000 a minti ɗaya, na gida irin Brother 1034D kuwa 1,300. Lambar na burgewa, amma wadda ke ɗinka riga huɗu a rana ba gudu ne matsalarta ba. Tsohon nau'in motar manyan kekuna yana juyawa yana shan wuta tun daga kunnawa, ko ana ɗinki ko ba a yi. Sabon nau'in da ake kira servo, sai an taka yake ja, shi ya sa ya fi dacewa da mai ƙaramin sola. Amma wanda na fi ba sabuwar maɗinkiya shawara a kai shi ne ƙaramin nan na ƙarfe mai zare uku, ƙirar Sin, wanda ake iya ɗora shi a teburin feda a taka da ƙafa, a kuma maƙala masa ƙaramar mota ranar da wuta ta samu. Ba shi da kyan gani, yana da ƙara, amma daren jajibirin Sallah ba zai zauna jiran wuta ba.

A yi hattara kuma da na hannu da ake shigowa da su daga waje. Wutarmu tsakanin 220 zuwa 240 take, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. Keken da aka ƙera don can, in aka cusa shi a soket ɗinmu babu na'urar rage wuta, motarsa za ta ƙone nan take. A juya bayansa a karanta kafin a fara ciniki.

Na uku, kuma mafi girma a wurina, shi ne mai gyara. Keken wibin ya fi keken ɗinki saurin ɓata rai. Lufa ta ɗan goce, ɗinki ya fara tsallake. Wuƙa ta haɗu da fil ko dutsen leshi, ta dakushe. Ƙurar hunturu ta haɗu da burbushin yadin da wuƙa ke zubarwa, ta cushe ciki. Duk wannan ba komai ba ne idan makanikin keke na cikin Zuru ya san irinsa kuma yana da kayansa a akwati. Amma idan sai an aika Kontagora, ko Birnin Kebbi, ko Sabon Gari a Kano kafin a samu wuƙa, ga tsadar mota, ga hanyoyin da ba kullum ake bin su da kwanciyar hankali ba, to keken zai yi watanni a lulluɓe. Kuma kayan gyara da dala ake shigo da su. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. A ƙasar da ɗinki ke da lokutansa, Sallah biyu, Kirsimeti, bikin Uhola da komawar yara makaranta, keken da ya tsaya mako uku a kan gaɓa ya cinye ribar shekara. Saboda haka kafin ki je wurin mai sayarwa, ki je wurin mai gyara ki ce, "Malam, wane iri ne kake da wuƙarsa da lufarsa da allurarsa?" Wanda ya ambata, shi ne naki.

Za a ce ai araha ba ta ado, gara a daure a sayi babba sau ɗaya a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ga wadda ta riga ta yi suna, take da yara masu koyo, take karɓar kwangilar kayan makaranta. Ita babban keke zai biya kansa. Amma muna maganar na farko ne, na mai ɗinki a ɗaki wadda jarinta bai wuce kwasar adashe ɗaya ba. In ta zuba shi duka a keke, da me za ta sayi zare? Wibin na cin zare ninkin-ba-ninkin na keken ɗinki, kuma manyan ƙullaye uku ko huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Ƙaramin keke kuma yana da wata hanyar shigo da kuɗi: maƙwabta masu ɗinki da ba su da shi za su riƙa kawo nasu a yi musu wibin su biya. Daga nan ake tara kuɗin babba.

Ranar saye, ki tafi da ƙyallayenki: atamfa, shadda, leshi da yadin hijabi. Kada ki yarda da gwajin da mai shago zai yi a kan nasa ƙyallen. Ki sa ya zare zaruruwan gaba ɗaya, ya mayar a gabanki, sannan ki mayar da kanki har ɗinki ya fito daidai, domin sa zare shi ne abin da ke sa mata da yawa jingine keken wibin. Ki haɗa da wuƙa ta ajiya, da allurai irin nasa, da man keke. In mai shago ya ƙi yarda da wannan gwaji, ki riƙe kuɗinki ki shiga shago na gaba.