Hannun da ke Juya Kwalba a Ramukan Reims

Masu ba da tarihin shamfen sun fi son farawa da Dom Pérignon, ɗan zuhudun nan na Hautvillers da ya mutu a 1715, har su ce shi ya ƙago giyar inabi mai kumfa. Ba shi ba ne. Gwanintarsa haɗa inabin gonaki daban-daban ce. 'Yan zamani kuma cewa suke juya kwalba da hannu ya zama wasan burge 'yan yawon buɗe ido, tunda inji ya karɓi aikin. Wannan magana ce ta wanda bai tsaya ya kalli aikin ba.

Philippe Clicquot ya kafa gidansa na giya a birnin Reims na Faransa a 1772. Ɗansa François ya rasu a 1805, matarsa Barbe-Nicole Ponsardin, mai shekara 27, ta karɓi ragamar gidan da aka sani yau da Veuve Clicquot. Ta tarar da matsalar da ta addabi kowa: shamfen a cikin kwalba yake tsimuwa karo na biyu, iskar ta zama kumfa, mataccen yis kuma ya kwanta ya dagula ruwan. Idan aka juye shi a wata kwalba don a tace, kumfan ya tsere. Wajen 1816, ita da shugaban ma'ajiyarta Antoine de Müller suka huda tebur, suka soka kwalabe a karkace, baki ƙasa.

Daga teburin nan aka samu katakon yau: alluna biyu jingine da juna, kowanne da huda 60. Mai juyi yana kama gindin kwalba biyu a lokaci guda, ɗaya a kowane hannu. Ya murɗa su kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, wani lokaci kashi ɗaya cikin huɗu, ya ɗan girgiza, ya mayar da su sun ƙara tsayuwa kaɗan. Yau dama, gobe hagu. Akwai farar alama a gindin kwalbar da ke nuna masa inda ya tsaya. Abin da yake nema shi ne guggubi mai nauyi ya ja mara nauyi su gangara tare zuwa wuya, kamar yadda mai bakace ke karkaɗa faifai har tsaki ya taru gefe guda. In ya yi gaggawa, mara nauyin ya manne a jikin gilashi. Shi ya sa yakan ɗaga kwalba ya haska ta, ya karanta kwanciyar guggubin kafin ya yanke juyin gobe. Gwani na iya juya kwalba wajen 40,000 a yini, aikin kuma na cin mako huɗu zuwa shida. Sannan a daskarar da wuyan, a ɓalle murfi, ƙarfin iskar ya tofar da ƙanƙarar da dattin ciki, ruwa ya fito garau.

Injin gyropalette na ɗaukar kwalba 504 ya gama cikin mako guda, kuma aikinsa na kyau. Sai dai jerin juyin da aka ɗora masa daga wajen masu hannu aka kwafo shi, kuma shi bai iya duban kwalba ya sauya shawara ba. Gadon shamfen na gaskiya yana wuyan hannun waɗannan ma'aikata, ko da yake tuddan inabi da gidaje da ramukan alli UNESCO ta lissafa cikin gadon duniya a 2015. Manyan kwalabe da masu siffa ta daban har yau da hannu ake juya da yawansu, gidan Pol Roger na Épernay kuma yana nan riƙe da masu juyinsa.