Jinjina ga masu ɗora wa kek ɗin biki kambi

A wurin dina, ana jiran amarya da ango su kama wuƙa, ido na kan abin da ke tsaye a ƙolin kek. Da wuya a tuna da matar da ta kafa shi.

Ɗora wa kek kambi al'adar Turawa ce. Kek ɗin auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840 ya zo da siffarta da ta mijinta Albat a samansa. Masu kek na Kano da Kaduna sun karɓi abin sun gyara shi: da yawa sun bar 'yan mutum-mutumin, sai sunayen ma'aurata ko haruffan farko a yanke da roba mai ruwan zinariya, ko furen sukari da aka murza da hannu ganye-ganye, aka bar shi kwanaki ya bushe.

Kafa shi ne aikin. Kek taushi gare shi, abu mai nauyi nutsewa yake yi. Don haka sai mai kek ta soka tsinken katako har ƙasan hawan, ta ɗora adon a kansa. Furen gaske kuwa sai an naɗe ƙafarsa kafin ya taɓa abin ci. Gwana ba ta ɗora kambi a gida, ta san ramukan titi. Sai an kai zaure an ajiye. Ga zafin bazara mai narka bota, ga hunturu mai tsattsaga rufin sukari, kuma uwar amarya tana tsaye tana cewa, "Hajiya, ya ɗan karkace." Ta sunkuya ta daidaita, hannu ko rawa.