Kiran Taro a Bakin Barashe da Abin da Ke Zubewa a Fassarar Turanci

Ranar 3 ga Yulin 1941, kwana 11 bayan sojojin Jamus sun afka wa Tarayyar Sobiyat, shugabanta Stalin ya yi wa al'ummarsa jawabi ta rediyo. Kafin ya taɓo zancen yaƙi sai da ya jera musu kira: "tavarishi", "grazhdane", "bratya i syostri", sannan mayaƙan ƙasa da na ruwa, ya rufe da kiransu abokansa. Mai karanta fassarar Turanci zai ga "comrades, citizens, brothers and sisters" ya wuce abinsa, domin babu kalmar da aka juya ba daidai ba. Amma mutumin Mosko da ya tsaya ƙarƙashin lasifikar bakin titi a ranar, kira na uku ne ya tsaya masa a rai. "'Yan'uwa maza da mata" kiran coci ne, da shi malamin Otodoks ke fuskantar mabiyansa, ga shi kuma ya fito daga bakin shugaban gwamnatin da ta shafe shekaru tana rufe majami'u da masallatai. Stalin ya san nauyinsa sarai, tunda ya yi karatun addini a Tiflis yana saurayi. Da jin haka mutane suka gane lamari ya ɓaci, mai mulki ya sauko yana neman dangi.

Nan wahalar take. A Rashanci kalmar da mai jawabi ya buɗe baki da ita tana faɗin zamanin da yake ciki, da ɓangaren da ya tsaya, da abin da yake nema a wajen masu sauraro. Turanci yana da kalmomin a ƙamus, sai dai tarihin da suka ɗauko daban ne.

"Tavarish" ta samo asali daga "tavar", wato haja. Asalinsa abokin fatauci ke nan, wanda kuka haɗa kaya kuka kama hanya tare. Bayan juyin juya halin 1917 ta zama kiran kowa da kowa, namiji da mace, minista da direba. Malamin jami'a da ita yake kiran ɗalibai, mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa da ita yake kiran fasinjoji. "Comrade" kuwa a kunnen Bature warin gurguzu take yi, ko na ƙungiyar ƙwadago, kamar yadda mu ma in an ce "kwamared" shugaban ma'aikata ko na ɗalibai ke faɗo mana a rai. In mai fassara ya bi kowace "tavarishi" da "comrades", sai layin sayen burodi ya koma kamar gangamin jam'iyya. In ya sauya ta da "everyone" ko "folks", ya goge shekara saba'in na tarihi. Kuma kalmar ba ta mutu ba. A faretin 9 ga Mayu a Jan Dandalin Mosko, ministan tsaro yana tsaye cikin buɗaɗɗiyar mota, a tsaya da shi gaban kowace runduna ya gaishe su da "tavarishi", su amsa da murya ɗaya suna kiransa "tavarish" minista. A nan babu gurguzu ko kaɗan, ladabin bariki ne.

"Grazhdane", 'yan ƙasa, ta fi ban tausayi. Da ita ministan harkokin waje Molotov ya sanar da ɓarkewar yaƙin ranar 22 ga Yuni, kuma a Turanci "citizens" kalma ce mai daraja. Amma ita ce kuma kalmar ɗan sanda da alƙali. Fursuna a sansanonin Gulag ba shi da izinin ce wa mai gadi "tavarish", sai dai "grazhdanin". Wato ranar da aka daina kiranka aboki aka koma kiranka ɗan ƙasa, an fitar da kai daga cikin jama'a. Wace kalmar Turanci ce za ta ɗauki wannan sanyi?

"Gaspada" ita ce ta zamanin sarakuna, ma'anarta iyayengiji. An kore ta a 1917, ta dawo bayan 1991 tare da bankuna da 'yan kasuwa, kuma tsofaffi da yawa sun ji ta kamar zagi. Takwararta ta Turanci, "ladies and gentlemen", ba ta taɓa yin hijira ba balle ta dawo, don haka ba ta cizo.

Wadda ta fi damuna ita ce ta tsohon shugaban Rasha Yeltsin. Ya saba buɗe jawabi da "daragiye rassiyane", har a jawabinsa na sauka daga mulki ranar 31 ga Disambar 1999. Rashanci ya raba "russkiye", 'yan ƙabilar, da "rassiyane", duk mai ɗauke da shaidar zama ɗan ƙasar. Kusan kashi 80 cikin ɗari ne 'yan ƙabilar. Sauran sun haɗa da Tatar da Bashkir da Chechen da mutanen Dagestan, akasarinsu Musulmi, kuma da su Yeltsin yake yi da ya zaɓi ta biyun. Turanci "Russians" kawai gare shi, ya haɗa su a kwando ɗaya. Hausa ta fi shi sarari a nan, don muna iya cewa Rashawa, muna iya cewa 'yan Rasha, kamar yadda ba ma rikita Bahaushe da ɗan Nijeriya.

Putin yakan ce "uvazhayemiye grazhdane Rassii, daragiye druzya", wato 'yan ƙasa masu daraja, abokai abin ƙauna. Masu fassarar fadar Kremlin sukan datse sifofin biyu su bar "citizens of Russia, friends". Ban ga laifinsu ba, tunda "respected citizens" baƙon abu ne a bakin Bature, amma sai mai maganar ya fito a bushe fiye da yadda mutanensa suka ji shi. Na kasuwa da bariki irin su "rebyata" da "muzhiki" su ma haka: "guys" ta kai su Amurka, "lads" ta kai su Ingila.

A ganina mai fassara ya ajiye ƙamus tukuna ya tambayi kansa: wa ke magana, da wa, a wace shekara, me yake roƙo? In amsar ba ta shiga kalma ɗaya ba, ya ƙara rabin jimla ta bayani, ba abin kunya ba ne.

Wannan ya shafe mu, domin jawaban Mosko ta hannun Turanci suke iso mana, an riga an tace su sau ɗaya. Alhali muna da "ya ku jama'a", da "'yan'uwa", da "masu girma", kowanne da muhallinsa. Ina roƙon masu fassara a gidajen rediyo da jaridunmu, in jawabi ya zo daga Rasha, ku nemi kalmar farko yadda mai ita ya furta ta kafin ku juya mana.