A bar ɗalibai su haɗa bidiyo a ajin Faransanci

Tun 1996 gwamnatin Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, amma har gobe yaro sai ya gama ƙaramar sakandare bai iya tambayar hanyar tasha a Kwatano ba. A allo ake koya masa, ya haddace sarrafa aikatau don jarrabawa, kunnensa kuwa bai taɓa jin harshen ba sai daga bakin malami.

Shi ya sa nake tare da malaman da ke ba ɗalibai aikin haɗa bidiyo. A ɗauko guntun labarai na minti ɗaya daga TV5Monde, a ba yara huɗu waya ɗaya mai CapCut ko KineMaster, a ce su rubuta fassarar Hausa a ƙasan hoton. Ka tsaya a kansu ka ga abin da ke faruwa. Kafin su san inda jimla ta fara da inda ta ƙare, sai sun ja yatsa baya sun sake saurare, sun kuma sake, har lafazin ya zauna musu. Da malami ne ya ce su maimaita haka, da tuni sun fara hamma. Sannan gardama ta kaure: fassarar ta yi tsawo, mai magana ya rufe baki rubutu bai ƙare ba, dole a rage. Wanda bai fahimci magana ba kuwa ba ya iya taƙaita ta.

Daga nan sai a juya aikin, su ɗauki kansu suna magana. Yarinyar da kunya ke hana ta buɗe baki a gaban aji za ta naɗi muryarta, ta saurara, ta goge, ta gyara, ba mai yi mata dariya. Sana'ar ma ba baƙuwarsu ba ce, yaran da suka tashi da kallon fina-finan fassarar Algaita sun san ana ɗora wa hoto sabuwar murya.

Abin da ke damuna shi ne maɓallin da ke fitar da rubutu da kansa. Da an danna shi, waya ta yi sauraren, ɗalibi ya tashi a tutar babu. Haka ma ƙawa: kiɗa, launuka, haruffa masu tsalle, sai su cinye darasin gaba ɗaya. Don haka malami ya sa a rubuta jimlolin a littafi kafin a saka su a waya, makin kuma ya tafi ga lafazi da ingancin fassara, ko da hoton ya fito da duhu.