Ilimin da Ke Bakin Ƙugiya

Kogin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya gangaro ƙasar Maradun, inda aka tare shi da madatsar ruwa ta Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginin a 1978, tafkin ya cika a 1981, ya mamaye kimanin hekta 8,000, ya miƙa kilomita 19 a bayan bango. Don noman rani aka yi shi, kuma mutanen yankin sun biya farashi mai tsada, gonaki da gidaje sun nutse, an zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Amma tun daga lokacin ruwa ya zauna rani da damina, a tafkin da kuma magudanan ban ruwa da suka ratsa gonakin shinkafar Talata Mafara da Bakura. Inda ruwa ya zauna kuwa, kifi zai zauna.

Masu cin abinci da wannan ruwa su ne masunta na gado, masu kwale-kwale da kalli da birgi da mamari, waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Ruwa. A gefensu akwai wasu mutane da ba a cika lura da su ba: tela da ya rufe shago bayan la'asar, malamin makaranta a ranar Asabar, manomin da ya gama ba gonarsa ruwa. Waɗannan su ne masu fatsa, wato kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya guda. Ba su dogara da shi don cefane ba, sha'awa ce ke kai su. A Amurka irin wannan sha'awa ta zama babbar harka a kan wani kifi mai faɗin baki da suke kira bas. Wani mutum, Ray Scott, ya kafa wa masu kama shi ƙungiya a 1968, suna da gasar Bassmaster Classic tun 1971, kuma har yau ana maganar bas mai kilo 10 da 'yan kai da George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932. Suna da jiragen inji da na'urar da ke nuna kifi a allo. Namu mai fatsa duk kayansa ba su cika aljihun riga ba, in ka cire sanda, amma tambayoyin da yake amsawa iri ɗaya ne da nasu: ina kifin yake, me yake ci yau, kuma a wane zurfi.

Daga sanda ake farawa. Gora ake so, wadda ta nuna ta bushe, mai kauri a gindi, siririya a kai, tsawon gaba biyu ko fiye. Idan tana da lanƙwasa sai a shafa mata mai, a gasa gaɓar a kan garwashi sannu-sannu, a miƙe ta a gwiwa, a riƙe har ta huce. Ana gwada ta da kaɗawa: kan ya yi lilo, gindin ya tsaya. Gwani ba ya ɗaure zare a tsinin kai kaɗai. Yakan fara ɗauri daga kusa da mariƙi, ya nannaɗo zaren har sama, domin ko babban kifi ya karya kan sandar, zaren na nan a hannunsa.

Zaren na lailon ne, mai kama da ruwa, kuma kaurinsa ya danganta da abin da aka fita nema. Ƙugiya ma haka, tana da lamba, kuma lambar tana tafiya ne a juye: mai babbar lamba ita ce ƙarama. Ƙarfasa bakinta ƙarami ne, sai 'yar ƙugiya. Tarwaɗa kuwa bakinta ya isa ya ɗauki babba. Kafin a ɗaura, mai fatsa yakan ja tsinin a kan farcen babban yatsa. In ya kama farcen, ta yi. In ya zame, sai a wasa ta a ɗan dutse, daga gindi zuwa tsini, har sai ta kama.

Ɗaurin ƙugiya shi ne wurin da ake gane wanda ya koya a hannun manya. Lailon santsi gare shi, ƙullin da ake yi wa buhu ba ya riƙe shi. Ana zura zaren ta ido, a juyo da bakinsa a nannaɗe jikin zaren sau biyar ko shida, a mayar da shi ta 'yar ƙofar da ta rage kusa da idon, sannan a sa masa yawu kafin a ja. Yawun nan yana da dalili. Idan aka ja lailon a bushe, gogayya takan ɗumama shi ya raunana daidai wurin ƙullin, kuma nan zai tsinke ranar da babban kifi ya zo. Bayan an ja, sai a saƙala ƙugiyar a itace a gwada da ƙarfi. Gara ta kwance a tudu da ta kwance a ruwa.

Sama da ƙugiya da kamar yatsa huɗu ake matsa 'yar dalma, don ta nutsar da abincin. Can sama kuma ake sa abin da zai yi iyo ya ba da labari, totuwar kara ko guntun tsohon silifas da aka yanka siriri. Tsakanin dalma da totuwa akwai awo: dalmar ta ja totuwar ta tsaya a tsaye, kanta kaɗai a waje, yadda ko kifi ya sunsuna za a gani. Daga nan sai auna zurfi. Mai fatsa yakan dunƙula laka a ƙugiya ya jefa. In totuwa ta nutse, ruwan ya fi zarensa zurfi, sai ya matsar da ita sama. In ta kwanta, zaren ya yi yawa, sai ya sauko da ita. Jifa uku ko huɗu, ya san yanayin ƙasan ruwan da bai taɓa gani da ido ba, ya san inda rami yake da inda tudu yake.

Abincin ƙugiya kuwa tun jiya ake tanadinsa. Tana ita ce uwa, ana haƙo ta a bakin fadama ko inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, a zuba a gwangwani da damshin ƙasarta, a ajiye a inuwa. Sa ta ma gwaninta ne: a zura ƙugiya ta cikin jikinta har ƙarfen ya ɓuya, a bar wutsiya tana motsi, domin motsin ne ke kira. Farkon damina shinge ya fi komai, kaka kuma fara. Tarwaɗa da hanci da gashin baki take neman abinci, musamman cikin duhu da ruwa mai laka, saboda haka abu mai wari ake ba ta, hanjin kaza da ya kwana, wasu har guntun sabulu suke sa mata ta kuma ci. Ƙarfasa ta fi son tsaki da ganye, sai a murza mata tuwo da ƙuli-ƙuli ya yi danƙo. Mai dabara yakan riƙa zuwa wuri guda yana watsa dusa da aka cuɗa da laka kwana biyu ko uku kafin ya jefa ƙugiya, har kifi ya saba da cin abinci a nan.

Sanin wurin zama ya fi duk wannan wuya, kuma shekaru ke koyar da shi. Kifi ba ya watsuwa a ruwa barkatai. Yana son gefen ciyawa, da gindin itatuwan da tafki ya cinye, da bakin kwalbati inda ruwan magudana ke juyawa ya tara abinci. Inda zalɓe ya tsaya, akwai ƙananan kifi, manya kuma na bayansu. Kumfa ƙanana da ke tasowa a jere alama ce wani na tonon laka a ƙasa. Tarwaɗa takan taso ta haɗiyi iska ta koma, domin tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska, kuma wannan ɓullowar tata ita ke tona mata asiri. A ruwa marar zurfi mai yashi za ka ga ramuka zagayayyu kamar faifai, gidajen ƙarfasa ke nan lokacin ƙwai. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Jikin kifi yana bin zafin ruwa, don haka da hunturu ba ya kuzarin ci sai hantsi ya ɗaga. Da bazara sai sassafe ko gab da magariba. Da ruwan farko ya sauka, kogi ya yi ja, tarwaɗa takan hau cikin ciyawar da ruwa ya rufe, a kama ta a inda jiya awaki ke kiwo.

Kifi yana jin ka kafin ka zauna. A gefen jikinsa akwai wani layi daga kai zuwa wutsiya wanda ke ɗaukar girgizar ruwa, har takun ƙafa a gaɓa yana isa gare shi. Shi ya sa gwani ke tafiya a hankali, ya zauna inda inuwarsa ba za ta faɗa ruwa ba, ya ajiye bokiti ba tare da ƙara ba. Hausawa sun daɗe da cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ko gaisuwa a bakin ruwa ƙasa-ƙasa ake yin ta. "Baba, ya ruwa?" "Ruwa sai godiya, ɗana. Allah ba da sa'a." Sai mai zuwa ya wuce gaba ya ba da tazara, ba ya jifa a kan zaren wani, ba ya kuma taɓa gura ko kallin da masunta suka kafa.

Wanda ya hango shi daga kan hanya zai ce zaune kawai yake. Awannin da wasu ke ƙararwa a gindin bishiya suna latsa waya, su ne shi ma yake ƙararwa, amma idonsa na kan abu guda, kuma kowane motsin totuwa yana da ma'ana a wurinsa. In ta riƙa rawa da sauri tana tsalle, ƙananan kawara ne ke satar tana, ba a kula su. In ta yi ɗan karkarwa, ta nutse kaɗan ta dawo, ƙarfasa ce ke ɗanɗanawa, a jira nutsewa ta biyu. In ta kama tafiya gefe a hankali sannan ta ɓace, tarwaɗa ce ta ɗauka ta juya. In kuwa tana tsaye sai ta kwanta, kifi ya ɗago abincin tare da dalmar daga ƙasa, kuma yaro da yawa ya rasa kifinsa a nan don ya ɗauka ba abin da ya faru. Ja mai nauyi marar fizga, sau da yawa ƙaguwa ce ko kififiya.

Fizgar da wuyan hannu ake yi, gajeriya, zuwa gefe. Wanda ya sa dukan ƙarfin kafaɗa zai yage leɓen ƙarfasa ya dawo da ƙugiya fayau. Da kifi ya kamu, aikin ya koma kan sanda. A ɗaga kanta sama ta lanƙwashe, lanƙwasar ce ke shanye fizgar kifin ta kare zaren. Kada a bar zare ya yi sako-sako ko na ƙiftawar ido, kada kuma a yi jayayya da babban kifi. In ya nufi dama a bi shi, a riƙa karkato kansa daga saiwoyi da ciyawa, har ya gaji ya nuna farin cikinsa. Sannan a jawo shi kwance zuwa gaɓa. Ɗaga shi sama a iska shi ne kuskuren da ke tsinka zare a taku na ƙarshe.

Cire ƙugiya ma sai da sani. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya miƙe su sai su kulle, kukan nan da yake yi ma daga gogar ƙayar yake fitowa. Ana kama shi ne ta bayan ƙayoyin, a sa su tsakanin yatsu. Sukarsa tana da raɗaɗi, kuma ruwan ɗumi yana rage shi. Minjirya ba a kama ta da hannu, wutar jikinta ta isa ta sa babban mutum ya saki sanda. Tsage haƙoransa kan datse lailon, saboda haka mai nemansa yakan sa guntun waya siririya tsakanin ƙugiya da zare. Giwan ruwa, wanda shi ne ya fi kusa da bas a hali don shi ma farautar 'yan uwansa yake yi, da ƙaramin kifi mai rai ake yaudararsa. Shi ne abin alfaharin bikin kamun kifi na Argungu, can ƙasan Kogin Sakkwato, bikin da aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

Abin da ya fi burge ni a wurin dattawan masu fatsa shi ne kifin da suke mayarwa. Ƙarfasa uwa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya, in suka kama irin wannan sukan jiƙa hannu su cire ƙugiya a hankali su sake ta. Ɗan kifin da bai kai tafin hannu ba shi ma ya koma. Sun san ɓarnar mai zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa, wanda ke kashe babba da ƙarami a yini guda ya kuma sayar wa mutane guba. Rashin tsaro ma ya taɓa su. Fatsar dare, wadda ita ce lokacin tarwaɗa, ta yi wuya a wurare da dama saboda 'yan bindiga, mutane da yawa sun koma magudanan da ke kusa da gari, suna naɗe zare tun rana ba ta faɗi ba.

Abin da aka samu ana zura shi a kaba ta kunne zuwa baki, a bar shi cikin ruwa ya zauna da rai har a tashi. A gida ana goge yauƙin tarwaɗa da toka ko ruwan zafi, a kankare ƙarfasa daga wutsiya zuwa kai, a cire ciki ba tare da fasa matsarmama ba don kada naman ya yi ɗaci. In ya yi yawa a aika wa maƙwabta, saura a yi banda. Kafin mai fatsa ya ci nasa, yakan ja zaren tsakanin yatsu biyu yana neman inda dutse ya kankare shi, ya yanke kamu guda na ƙarshe ya sake ɗauri, ya shafa wa ƙugiya man gyaɗa saboda tsatsa, ya soke ta a totuwa don kada yara su taka, ya rataye sandar a tsaye inda rana ba ta dukanta.