WANDA AKA KASHE BA SHI DA UWA NE?

Yau ina so ne mu ɗan taɓa zancen abin nan da ya zame mana abokin hira da daddare, wato finafinan masu laifi da 'yan sanda da muke kallo a tauraron ɗan'adam. Dalili kuwa, kullum aka haɗu a gidan suna ko biki tambayar ɗaya ce, "Anti, na gama wancan, wanne kuma zan kama?" To na ga gara in ba da amsa gaba ɗaya kowa ta huta.

Abin da ya ja hankalina ya faru ne a Argungu, lokacin da na taso daga nan Birnin Kebbi na je bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Da dare an gama kamu, mata mun cika ɗaki, aka kunna mana wani fim na 'yan daba. Da jarumin ya zaro wuƙa ya soke wani saurayi, ɗakin nan ya kaure da shewa, wata tana cewa wallahi gayen nan ya iya taku, wata tana cewa ita dai muryarsa ke kashe ta. Can gefe wata dattijuwa da ta zo daga wajen Augie tana zaune ba ta ce uffan ba, sai da aka lafa sannan ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, wanga yaro da anka kashe, shi ba shi da uwa?"

Wallahi jikina ya yi sanyi. Kowa a ɗakin ya san abin da ya auku a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, da Lakurawa suka kashe mutane. Ita gawa ta gani, mu kuwa jarumi muka gani. Shi ko fim ɗin bai sake waiwayar saurayin ba, ko sunansa ba a faɗa ba.

Tun daga ranar na sami ma'aunina. Idan ana so a san fim ɗin masu laifi na ƙwarai ne ko na banza, a duba inda mai ɗaukar hoto ya nufa bayan an yi ta'asar. Ya bi mai laifi zuwa majalisarsa ana yi masa kirari, ko ya bi gawa zuwa gida ya nuna mana uwa da mata da marayu?

Ba yau muka fara son mai laifi ba. Muna 'yan mata aka kawo mana Prison Break a faifan DVD, wanda aka fara a Amurka a 2005. Har addu'a muke yi kada a kama Michael Scofield, shi da ya zana taswirar kurkuku a jikinsa don ya fid da yayansa. Shi dai yana da uzuri, don sharri aka yi wa ɗan uwansa, amma har azzaluman da suka tsere tare da shi sai da muka so. Haka aka yi da Baba Ɗan Audu na Labarina, shirin Aminu Saira da ya fara a 2020: mutum ne macuci, amma Rabi'u Rikadawa ya iya fitowar har ta kai in babu shi a kashin ranar sai a ce ba a yi komai ba. Haka Abale na A Duniya, wanda sunan ya bi Daddy Hikima har waje. Ni ban ga laifin 'yan wasan ba, ai gwaninta ce, kuma yabon gwani ya zama dole. Ni kaina na taɓa rubuta littafi na saka mugun miji don a ƙi shi, sai ga masu karatu suna roƙona in ƙara masa shafi a littafi na biyu. Mugu ya fi daɗin rubutawa, ya kuma fi daɗin kallo, wannan gaskiya ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba mu kaɗai ke gaban talabijin ba. Akwai ɗan shekara bakwai kwance a cinyarki, kina zaton barci yake. Na taɓa iske ɗana a tsakar gida ya soke muciya a ƙugu yana tafiya a karkace, yana ce wa ƙanwarsa ta kawo wayarta. Na yi dariya, daga baya na shiga ɗaki na yi tagumi.

A watan Satumban 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Na fahimci damuwarsu, amma a ganina rufe ido ba ya hana rana fitowa. A shekarar ce, ranar 17 ga Yuni, aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. Shin labarin uwar da ta shekara biyu tana shanya kayan 'yarta tana ninkewa bai isa fim ba? Ni ba cewa nake a daina nuna laifi ba, cewa nake a nuna shi har ƙarshe, da kukansa da zaman makokinsa.

To yanzu ga amsar tambayarku. Wadda ke son abin da zai sa ta tunani, ta nemi Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda aka fara a 2019, ta faro shi daga zangon farko. A garin Alfawa da aka ƙirƙira, za ki ga ɗan daba ba daga sama yake faɗowa ba, akwai mai babbar riga da ke ba shi kuɗi da ƙwaya, za ki kuma ga yadda kuɗin da aka sace a ofis ke komawa rashin magani a asibitin talaka. Ki lura da Gwamna Bawa Maikada, yadda Sani Mu'azu ya fito da shi cikin fara'a da lafazi mai daɗi. Aibin shirin shi ne jan rai, wani lokacin magana ɗaya sai a kwashe makonni ana tauna ta.

Wadda kuma ke son bincike, ga CID na Indiya, wanda tashar Sony ta fara a 1998 ya shekara 20 ana yi kafin ya tsaya a 2018. Su ACP Pradyuman da Abhijeet da Daya mai ɓalle ƙofa ne jaruman, ba ɓarawo ba, kuma yaro zai koyi cewa da hujja ake kama mutum, ba da zargi ba. Sai dai kada ki ɗauka haka duniya take, inda mari ɗaya ke sa mai laifi ya fashe da kuka ya faɗi komai.

Su kuwa na 'yan daba, ban ce haramun ba ne, amma ki bari yara su yi barcin gaske, kuma idan kin gama ki tambayi kanki mutum nawa aka kashe, nawa kika san sunansu.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan uwana marubuta, musamman mu mata da muka san zafin haihuwa, tunda yanzu da yawanmu ake ba aikin rubuta waɗannan shirye-shiryen. Duk wanda za mu kashe a takarda, mu fara ba shi suna, mu ba shi uwa. Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, amin.

Taku har kullum.