Ruwan Bakolori da Gardamar Ceto

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a filayen Bakolori, tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, ya san manomi bai halicci ruwa ba. Madatsar da aka kammala a 1978 ce ke tare Gulbin Sakkwato, a saki ruwa ya biyo magudana. Duk da haka, sai mutum ya sunkuya da fartanya ya fasa bakin fangali kafin shinkafa ta sha. Gardamar da Kirista suka shafe shekara 1,600 suna yi ke nan: in mutum ya sami ceto, aikin wa ne?

Agustin, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ce zuciyar ɗan Adam ba ta juyowa sai alherin Allah ya juyo da ita. Abokin gardamarsa Felajiyus ya ce Allah ba ya umartar bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin, amma wutar ba ta mutu ba. Ta sake ruruwa a Holand, inda almajiran Arminiyus suka miƙa kokensu a 1610, taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya yi watsi da shi, ya tsaya kan koyarwar Kalbin.

Sau da yawa ana zaluntar ɓangarorin biyu. Mabiya Arminiyus ba su ce mutum na ceton kansa ba; cewa suka yi ruwa na isa kowane fangali, ƙarfin fasawa ma kyauta ne, sai dai manomi na iya toshewa. Mabiya Kalbin kuwa suka ce wanda ya saki ruwan shi ke motsa hannun, kuma tun fil'azal ya zaɓi nasa. Ikkilisiyar NKST ta ƙasar Tibi ta gaji Dort, Metodis kuwa ta bi Wesley, mai ra'ayin Arminiyus. ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM mai ma'aikata daga ɗariku daban-daban, takan zaunar da ra'ayoyin biyu a benci ɗaya.

Kunnen Bahaushe ya saba da zancen, domin malaman Musulunci sun daɗe suna karantar da saɓanin Jabariyya da Ƙadariyya. Abin da ke damuna shi ne a fassara "zaɓe" da "ƙaddara", kalmar da a bakin jama'a take nufin naɗe hannu a yi haƙuri. Alhali taron Dort ɗin kansa ya ce a yi wa kowa shelar bishara ba tare da bambanci ba.

A Zamfara ta yau tambayar ta bar littafi. Mutum ya kwashe watanni a daji hannun 'yan bindiga, ya dawo addu'a ta bushe masa a baki, uwarsa ta zo wurin fasto tana tambaya ko bangaskiyar ɗanta ta tafi ke nan. A nan zuciyata ta fi karkata ga Agustin, don riƙon yaron ya yi sanyi, sai riƙon Allah ya saura. Faston yakan buɗe mata labarin Bitrus, wanda ya yi musun Yesu sau uku a dare ɗaya, daga baya aka ba shi kiwon tumaki.